Wa Ke Sauraron Ɗalibin Habbena?

Habbena unguwa ce a gunduma ta bakwai ta birnin Njamena, gunduma ɗaya da Chagoua da Atrone da Amtoukoui da Gassi, kuma duk babban birnin na Chadi babu gundumar da ta kai ta jama'a. Da sassafe, tun rana ba ta fara ƙuna ba, hanyoyin unguwar kan cika da yara sanye da kayan makaranta, wasu a ƙafa, wasu a keke, 'ya'yan masu ɗan hali a bayan kalando, wato babur ɗin haya. Da yawansu iyayensu daga kudancin ƙasar suka taso, daga Moundou da Sarh da Doba. A gida yaro yana jin Ngambay ko wani harshen Sara, a kasuwa Larabcin Chadi, a aji kuma Faransanci. A makarantun birnin akwai 'ya'yan Barebari da Fulani da Hausawa, waɗanda kakannin wasunsu hanyar Makka ce ta ajiye su a nan tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973.

Kowane ɗaya cikin yaran nan, idan ya yi sa'ar ɗorewa a makaranta, zai iso mararraba sau biyu ko uku kafin ya cika shekara ashirin. Bayan shekara shida a firamare da huɗu a kwalej, sai jarrabawar BEF. Daga nan ko dai ya wuce lise, wato babbar sakandare, ko ya karkata ga koyon sana'a, ko ya watse. A lise hanya ta sake rabuwa: A4 ga masu adabi da falsafa, C ga masu lissafi, D ga masu kimiyyar halittu, G ga masu kasuwanci da ajiyar lissafin kuɗi, ga kuma ɓangaren Larabci da na masu haɗa harsuna biyu. A ƙarshe sai bak, jarrabawar da hukumar ONECS ke shiryawa, wadda ita ce mabuɗin jami'a. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ne ake so ya zaɓi hanyar da zai bi har tsufansa. Tambayar da ya kamata a yi ita ce: wa ke zama da shi kafin ya zaɓa?

A aikace, maki ne ke zama da shi. Malamai su taru ƙarshen zango, su duba matsakaicin makinsa cikin ashirin. Wanda ya kai goma ya wuce. Wanda lissafinsa ya yi ƙarfi a tura shi kimiyya. Wanda bai yi ba, A4 ta karɓe shi. Shi ya sa duk shekara masu zana bak a A4 da D ke yin dandazo, na C kuwa 'yan kaɗan. Abin da maki bai yanke ba, gida ya yanke. "Kawunka ya ce likita za ka zama, D za ka yi," in ji uba. Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba," alhali zuciyarsa tana wurin gyaran injin ko zanen gini. Ba mugunta ba ce daga uban. Abin da ya gani da idonsa yake so wa ɗansa, kuma a garin da aikin gwamnati ya daɗe yana zama babban burin mai takarda, ba abin mamaki ba ne idan sana'o'in da uba ya sani ba su wuce biyar ba.

Malaman ma ba a ɗora musu laifi. Aji mai ɗalibai fiye da ɗari ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na Njamena. Malamin da ke gyara takardu ɗari uku a mako, a cikin zafin Afrilu da ke haura digiri arba'in, ga wuta ba ta tsayawa, ina ya ga sukunin tambayar yarinyar da ke layin baya me ya sa ta daina magana?

Abin da aka gada, da abin da aka bari

Tsarin makarantar Chadi na Faransa ne, tun daga sunayen azuzuwa har zuwa manyan da ke riƙe da lise: shugaban makaranta, mataimakinsa mai kula da karatu, da babban mai tsaron ɗa'a da ake kira surveillant général. Wannan na ƙarshe kowane ɗalibi ya san shi. Shi ke tsaye a bakin ƙofa, shi ke rubuta sunan wanda ya makara, shi ke kiran iyaye idan an yi faɗa.

Sai dai ita Faransar ba ta tsaya inda ta bar ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka ba. Tun 1928 masanin halayyar ɗan Adam Henri Piéron ya kafa cibiyar horar da masu ba matasa shawarar sana'a a Paris. A 1970, shekara goma bayan Chadi ta sami 'yanci, Faransa ta soke muƙamin surveillant général, ta maye gurbinsa da wani jami'i da ake kira CPE, wanda aikinsa ya haɗa da bin diddigin rayuwar ɗalibi, da sauraronsa, da tuntuɓar gidansu idan an ga ya fara ƙaurace wa aji. A shekarar ce kuma aka kafa ONISEP, hukumar da ke tattara bayanin kowace sana'a da makarantar da ke kai mutum gare ta, ta buga ta raba wa ɗalibai. A 2017 aka haɗe masu ba da shawarar zaɓen karatu da masana halayya na makarantu a rukuni guda. Faransawa da kansu suna ƙorafin cewa jami'an sun yi kaɗan, kuma har gobe taron malamai ne ke da babbar murya kan inda za a tura yaro. Duk da haka ɗalibin can yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ɗalibin Habbena ya gaji mai tsawatarwa da mai tantancewa. Mai sauraro ne bai iso gare shi ba.

Amurka ta bi wata hanyar daban. Can aikin ya faro ne daga damuwa da 'ya'yan baƙin haure da talakawa da ke barin makaranta su faɗa masana'antu ido rufe. A 1908 Frank Parsons ya buɗe ofishin ba da shawarar sana'a a Boston, bisa ra'ayin da har yau bai tsufa ba: mutum ya san kansa, ya san sana'o'in da ke akwai, sannan a taimaka masa ya auna biyun. Abin da ya yaɗa aikin a duk faɗin ƙasar kuwa fargaba ce. Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta ga an sha gabanta, sai ta yi dokar ilimi ta 1958 ta zuba kuɗi a horar da malaman shawara don su zaƙulo yara masu basirar kimiyya. A yau malamin shawara a Amurka yawanci mai digiri na biyu ne, yana da ofishinsa a cikin makaranta, kuma kaya uku ke kansa: karatun yaro, sana'ar da zai bi, da lafiyar zuciyarsa. Ƙungiyarsu ta ce kada ɗaliban da ke hannun mutum ɗaya su wuce 250, amma matsakaicin ƙasar ya doshi ɗari huɗu, kuma makarantun talakawa ne suka fi jin jiki.

Japan ta raba kayan gida biyu. Zaɓen makaranta da sana'a yana hannun malamin aji, wanda kan zauna da ɗalibi da mahaifinsa ko mahaifiyarsa su uku, a tattauna har a cimma matsaya. Sai a 1995, da cin zalin ɗalibai da ƙin zuwa makaranta suka tayar da hankalin ƙasar, gwamnati ta fara tura ƙwararrun masana halayya makarantu. Yawancinsu ba ma'aikatan makarantar ba ne, sau ɗaya a mako suke leƙowa, kuma wannan nisan yana da amfaninsa: yaro ya fi sakin baki da wanda ba shi ke ba shi maki ba. Finland kuwa ta saka shawarar a jadawalin darussa. Daga aji bakwai zuwa tara akwai sa'o'in da aka ware mata, akwai malamin da aka horar musamman, kuma kowane ɗalibi sai ya je ya yi 'yan kwanaki a wurin aiki na gaske, ko shago ko asibiti ko gona, ya ga yadda ake yi.

Wanda ya dubi waɗannan ƙasashe zai ga ba kuɗi kaɗai ya bambanta su ba. Kowace da abin da take tsoro, kuma tsoron nan ne ya zana mata aikin malamin shawara. Wata tana tsoron a bar ta baya a kimiyya, wata tana tsoron yara su kashe kansu, wata tana tsoron ɗan talaka ya ɓata tsakanin makaranta da aiki.

Maƙwabta

Labarin Najeriya ya fi kusa da mu, kuma farkonsa abin koyi ne. A 1959, a kwalejin 'yan mata ta St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan, sistocin Katolika da ke riƙe da makarantar suka ga ɗalibansu na ajin ƙarshe za su fita ba su san inda za su dosa ba. Ba su jira ma'aikatar ilimi ba. Suka gayyato mutane masu sana'o'i daban-daban daga cikin gari, kowa ya bayyana wa 'yan matan aikinsa da hanyar shigarsa. Daga wannan zama ne aka kafa majalisar shawarar sana'a ta Ibadan, wadda ta bunƙasa ta zama ta ƙasa. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta Najeriya, a 1977 kuma manufar ilimi ta ƙasa ta rubuta ƙarara cewa a sa malaman shawara a makarantun sakandare. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna yaye masu wannan fanni.

To amma duk wanda ya yi sakandaren gwamnati a Kano ko Katsina ya san inda gizo ke saƙar. Sau da yawa akwai ɗaki da allon suna a ƙofarsa, malamin kuwa an lafta masa darasin Turanci ko na zamantakewa saboda ƙarancin malamai, ko an sa shi cikin kwamitin ladabtarwa. Da zarar ɗalibai sun ga wanda aka ce su kai wa kukansu shi ne ke zaune a teburin da ake yanke musu bulala, shi ke nan, ƙofar ta rufe ko da a buɗe take. Sakamakon yana bayyana a lokacin jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, inda yaro zai ci jarrabawa sarai amma ya rasa gurbi don ya haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗin da ya nema ba, kuskuren da zaman minti goma zai iya hanawa. Kenya ma ta ɗanɗana irin wannan: ta haramta dukan ɗalibai a 2001, ta ce shawara ta maye gurbin bulala, amma a makarantu da yawa malamin da aka ba aikin bai sami ragin darussa ba.

Kamaru, wadda gadar Ngueli ce kawai ta raba garinta na Kousseri da Njamena, tana horar da masu ba ɗalibai shawara a manyan makarantun horar da malamai, irin na Yaoundé da Maroua, sannan ta tura su lise-lise a matsayin ma'aikatan gwamnati. Wannan yana da muhimmanci ga Chadi ta fuska biyu. Tsarin makarantun ƙasashen biyu ɗaya ne a asali, don haka abin da ya yiwu a Maroua ba zai gagara a Njamena ba. Kuma ɗaliban Chadi da yawa can suke tafiya bayan bak, zuwa jami'o'in Maroua da Ngaoundéré, galibi bisa labarin da wani ɗan unguwa ya kawo musu lokacin hutu.

Nauyin da ke shiga aji

Da a ce matsalar ɗalibin Habbena zaɓen A4 ko D ce kaɗai, da da sauƙi. Ranar 19 ga Oktoban 2022 gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda ambaliyar kogunan Chari da Logone, wadda ta raba dubban iyalai da gidajensu a Njamena. Washegari, 20 ga wata, aka yi zanga-zangar adawa da tsawaita mulkin riƙon ƙwarya, kuma unguwannin gunduma ta bakwai, har da Habbena inda hedkwatar jam'iyyar Les Transformateurs take, suna cikin wuraren da abin ya fi muni. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ce mutum 128 suka mutu. An kwashi fiye da mutum 600 zuwa kurkukun Koro Toro da ke tsakiyar hamada, da ƙananan yara a cikinsu. Bayan ƙura ta lafa aka koma aji. Wanda ya ga gawa a ƙofar gidansu, da wanda aka tafi da wansa cikin dare, suka zauna kan benci aka ci gaba da darasin lissafi. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, wa ya tambaye su yadda suke kwana? A 2024 ruwa ya sake dawowa, ya taɓa dukkan lardunan ƙasar.

Ga 'yan mata nauyin ya ninka. Dokar ilimi ta 2006 ta wajabta karatu daga shekara shida zuwa goma sha shida, dokar 2015 kuma ta haramta aurar da wanda bai kai goma sha takwas ba, amma binciken hukumomi ya nuna kimanin shida cikin goma na 'yan matan Chadi ana aurar da su kafin wannan shekarun. Yarinya ba ta ɓacewa daga makaranta rana ɗaya. Za ta fara fashin Litinin, sannan makinta ya zube, sannan ta daina ɗaga hannu. Akwai makonni, wani lokaci watanni, da babban mutum mai lura zai iya zuwa gidansu ya zauna da mahaifiyarta. Haka yarinyar da wani malami ya matsa wa lamba don maki: ba za ta kai ƙara wurin abokin aikinsa mai riƙe da rajistar horo ba.

Sai yajin aikin malamai da ke cinye watanni, da matakan tsuke bakin aljihu goma sha shida na 2016 da suka tafi da alawus ɗin ɗaliban jami'a, da shekarun karatu a Jami'ar Njamena da kan miƙe har digirin shekara uku ya ci biyar. Ƙanin da ya ga yayansa ya gama jami'a yana jiran a ɗauke shi aikin gwamnati shekara da shekaru, yana tuƙa kalando kafin nan, dole ya tambayi kansa amfanin wahalar. Wasu tiramadol ne ke amsa musu tambayar. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa fiye da tara cikin goma na yaran Chadi 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta, don haka wanda ya kai lise ya tsallake siraɗi mai wuya. Asarar irinsa a matakin ƙarshe saboda rashin mai nuna hanya abu ne mai ciwo ƙwarai.

Kuma hanyoyin suna nan, sanin su ne ya yi ƙaranci. Jami'ar Njamena, wadda aka kafa a 1971, ba ita kaɗai ba ce: akwai Jami'ar Sarki Faisal ga masu Larabci, akwai jami'o'i a Moundou da Abéché da Sarh da Doba, akwai cibiyar kimiyya da fasaha ta Abéché, da cibiyar nazarin man fetur ta Mao, da makarantar koyon aikin gine-gine da hanyoyi a Njamena, da sashen koyon likitanci na asibitin Bon Samaritain a Walia. Akwai lise na fasaha da na kasuwanci. Ƙasar tana fitar da man fetur tun 2003, tana da matata a Djarmaya tun 2011, kuma ƙidayar dabbobin da aka yi a tsakiyar shekarun 2010 ta nuna tana da fiye da miliyan casa'in. Ƙasa mai wannan dukiyar dabbobi tana buƙatar likitocin dabbobi, da masu sarrafa fata da nono da nama. Birnin da wuta ba ta wadace shi ba yana buƙatar masu haɗa faifan hasken rana da masu gyaran na'urar sanyi. Da wuya ka ji an ambaci ɗaya daga cikin waɗannan a zauren da ake yanke makomar yaro, domin har yanzu ana kallon aikin hannu a matsayin mafakar wanda karatu ya kayar.

Abin da zai yiwu

A ganina kuskure ne a ce sai Chadi ta kwaikwayi Amurka, da ofis mai kujerun laushi da mai digiri na biyu ga kowane ɗalibi 250. Ƙasar da har yanzu ƙungiyoyin iyayen yara ke biyan albashin malamai da yawa a firamare ba za ta iya ba, kuma jiran ranar da za ta iya shi ne zai sa a yi shekara ashirin ba a yi komai ba. Abin da za a ɗauko daga kowace ƙasa ƙarami ne, kuma mai araha.

Daga Japan da kuskuren Najeriya a koyi sharaɗi na farko, wanda idan babu shi sauran duk banza ne: mutumin da aka ba wannan aiki kada ya riƙe bulala, kada ya riƙe jan biro a kan yaran da yake saurare, kuma kada sirrinsu ya zama hirar ɗakin malamai. A zaɓi malami namiji da malama mace a kowane lise, a rage musu darussa da gaske, a horar da su a makarantar horar da malamai ta Njamena, ko a nemi haɗin gwiwar Maroua. Su kasance masu jin Larabcin Chadi da aƙalla harshe ɗaya na unguwar, don yaro ba ya kuka da Faransanci, kuma uwar da ke sayar da kifi a kasuwar Dembé ba da shi za a shawo kanta ba.

Batun iyaye yana buƙatar hattara. Shawara irin ta Turai ta ginu ne kan cewa yaro shi ke da rayuwarsa shi kaɗai. A Habbena, kamar a Fagge ko Zinder, kuɗin makarantar yaro kawu ne ya biya, inna ce ta sayar da akuyarta, kuma suna da haƙƙin a ji ta bakinsu. Malamin shawarar da ya zuga yaro ya bijire wa gida ya jefa shi cikin wahalar da ba zai iya fitar da shi ba. Zaman mutum uku irin na Japan ya fi dacewa da mu: a kira uba da girmamawa, a nuna masa makin ɗansa, a nuna masa makarantar da ke Abéché ko Mao da abin da masu fita daga cikinta ke yi, a bar shi ya ga cewa ba a raina burinsa ba, faɗaɗa shi aka yi. Liman da fasto da fada ma suna da gurbi a nan, domin a unguwar da masallaci da coci ke kallon juna, maganarsu tana shiga gidajen da takardar makaranta ba ta shiga.

Sai bayanai. Hukumar ONAPE mai kula da samar da aikin yi da ma'aikatun ilimi suna iya haɗa ɗan littafi guda, da Faransanci da Larabci, a riƙa sabunta shi duk shekara: wace makaranta ke karɓar wane irin bak, yaushe ake jarrabawar shiga, nawa ne kuɗin, wane aiki ke bayanta, wace takardar ƙetare ce gwamnatin Chadi ta amince da ita. A tura shi ta WhatsApp, a karanta shi a rediyo.

Abu na ƙarshe ba ya buƙatar sa hannun minista. Ƙungiyar iyayen kowace makaranta a Habbena tana iya ware Asabar ɗaya a zango na biyu, kafin taron malaman da ke raba ɗalibai zuwa A4 da C da D, ta gayyato ma'aikaciyar jinya, da mai walda, da ma'aikacin banki, da likitan dabbobi daga Farcha, da injiniya daga Djarmaya, da tsohuwar ɗalibar makarantar da ke karatu a Ngaoundéré. Kowa ya faɗi darussan da ya yi, da shekarun da ya ɗauka, da kuɗin da ya kashe, da abin da yake samu a wata, sannan a bar yaran su yi tambaya. Yawancin mutanen nan a gunduma ta bakwai suke kwana, kuma wasunsu 'ya'yansu suna cikin azuzuwan.